Garken da Ya Zo Na Ɗaya

9 ga Afrilu

Shiru-shiru,

Ina gaishe ka, kai da matarka da ban taɓa sa wa ido ba, da 'yar da aka ce kun samu har ta fara tafiya. In ka manta wannan hannun, Gwaggonka ce, wadda ubanta da kakanka suke ciki ɗaya, wadda ka yi shekara biyu a ɗakinta kana jiƙa mata katifa. Ni lafiya lau, sai gwiwa, sai kuma kunnen hagu da ya bi ni muka yi ritaya tare tun da na ajiye alli. Shi ya sa ba na waya. Takarda in ta zo, ko sau goma sai in karanta abata.

An ce min yanzu a ɗakin gwaji kake aiki, kana leƙen kashin awaki a madubi. Shekara bakwai ana karatu, ashe nan aka dosa. Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi. Ga shi yau ni ce nake nemanka.

Dabbobina ashirin da uku ne, tumaki sha huɗu, awaki tara. Tun rasuwar maigidana Baffanka, shekara biyar ke nan, ni kaɗai nake riƙe da su, kuma ban taɓa rasa fiye da ɗaya a shekara ba. Bana kam ba na jin daɗin ganinsu. Suna ci, amma jikin ba ya nunawa. Gashi ya tashi, ƙugu ya fito, tunkiyata Mai Tabo da kullum ita ce a gaba yanzu ita ake jira. Rabona da ɗura musu maganin tsutsa tun watan sha biyu, kuma ko a lokacin ban ga wani canjin kirki ba.

Ga inda maganar take. Yayanka Injiniya, ɗan cikina, ya gyara min ɗaki a gidansa, can hawa na uku, har da fanka da labule. Wai na tsufa da jan igiya. Na ce masa ba zan je in zauna ina kallon rufin mutane ta taga ba. Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan cewa in garken ya wuce daminar bana lafiya, zai ƙyale ni a gidana, ba zai sake tada zancen ba. In kuwa ya lalace, in tattara kayana ba musu. Da bakina na amsa, kuma ka san ba na magana biyu.

Don haka ka gaya min abin da ke cin dabbobin nan. In da hali ka zo ka gani da idonka. Hanyar ba ta canja ba.

Gwaggonka

21 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu duk lafiya. Maman yarinya tana gaisuwa, ita kuma yarinyar haƙori take yi, ta hana kowa sakat. Maganar katifa kuwa, Gwaggo, na ɗauka an yafe min ita tuntuni.

Takardarki ta zo a kan gaɓa. Yanzu haka wani bincike muke yi, muna so mu san yawan tumaki da awakin da ke ɗauke da tsutsar ciki a yankin nan. Gidajen kiwo arba'in aka zaɓa, kuma na zaga su duka. Ita tsutsar ba a ganinta daga waje, amma tana zuba ƙwai a cikin kashin dabba. Sai mu dama kashin da ruwan gishiri, ƙwan ya taso sama, mu ɗiga a gilashi mu ƙirga a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Yawan ƙwan shi ke nuna mana yawan tsutsar.

Na roƙi shugaban sashenmu ya sa gidanki a ciki, ya yarda. Ke ce ta arba'in da ɗaya. Direban da ke bi ta wajenku ranar Talata zai kawo miki kula, a ciki akwai kwalabe ashirin da uku, kowace dabba da tata. Ki tsaya a bayanta da safe, da ta yi ki tara kafin ya taɓa ƙasa, kamar ƙwaya goma ya isa. Ki rubuta sunanta a jikin kwalbar, ki zuba ƙanƙara a kular, ki ba direban wata Talatar.

Akwai takardar tambayoyi da ake cikewa, amma kada ki wahalar da idonki. Abin da kika rubuto ya ishe ni, na cike ta da kaina. In mun gama za a jera gidajen, daga wanda ya fi tsabta zuwa wanda tsutsa ta fi yi wa katutu, a liƙa a ofishin ƙungiyar masu kiwo don kowa ya ga matsayinsa.

Zuwa kuwa, ina so, amma aiki ya sha kaina a 'yan kwanakin nan. In an samu sarari zan leƙo.

Ɗanki

5 ga Mayu

Shiru-shiru,

Muna lafiya, ni da gwiwar. A shafa min kan mai haƙori.

Ga kwalabenka nan. Kwana biyu na yi ina bin bayan dabbobi da kwalba a hannu, maƙwabta na leƙe ta katanga. Bunsurun nan tun safe na tsaya masa, bai ga dama ba sai da rana ta take. Matar mai gyaran keke har ta shigo tana tambaya ko lafiya.

Wato a bangon Sakatare za a liƙa ni. Ka san ko wane ne Sakataren ƙungiyar? Mutumin da ya zo gaisuwar Baffanka, ya zauna a tabarmata, ya sha ruwana, sannan ya ce in sayar masa da dabbobin tun suna da daraja, wai mace ba ta riƙe garke ya kai damina biyu. Kai ba ka ji ba, ai ba ka nan. Shekara biyar yana jiran ranar da zai ce ai na faɗa. Yanzu kuma ɗana da kansa zai ba shi takarda da hatimi.

Gidaje arba'in ka samu sararin takawa da ƙafarka, na arba'in da ɗayan aka aiko wa direba. Na gane. Ba ƙorafi nake yi ba, faɗa kawai na yi.

Ka duba da kyau ka gaya min.

Gwaggonka

19 ga Mayu

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Haƙoran sun fito guda biyu, gida ya samu lafiya. Ina fatan ke ma haka.

Albishirinki. Dabbobi ɗari shida da 'yan kai muka gwada, kuma a cikin kowace goma, takwas na ɗauke da tsutsa. Akwai gidan da ba mu samu ko ɗaya mai lafiya ba. Akwai tunkiyar da ƙwan ya cika gilashin har na kasa ƙirgawa. Amma a kwalabenki ashirin da uku, biyu kawai na ga wani abu, shi ma ɗan kaɗan. Sau biyu na duba don kada in yi miki kuskure. Gidanki ne na ɗaya, Gwaggo. Na Sakataren naki shi ne na talatin da huɗu. Na san wannan layin sai kin karanta shi sau goma ɗin da kika ce.

Gidaje sha biyar da ke ƙasa za a ba su wani sabon magani da ba a samunsa a kanti, kuma duk wata zan riƙa zuwa ina duba su har damina ta wuce. Ke ba kya buƙatar wannan.

Tun da ba tsutsa ba ce, ramar da kike gani ta ƙarancin abinci ce, rani ya yi tsawo. Ga shawarata. Kada ki ɗura musu magani a farkon daminar nan kamar yadda aka saba. Yawan ba su shi ba dalili ne ke sa tsutsa ta saba da shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci, kuma wannan shi ne babban abin da muke fama da shi a gidajen can. Ki ƙara musu dusa. Da ruwa ya sauka, ki nema musu inda ciyawa ta fi yawa, su ci su ƙoshi. Cikin wata guda za ki ga sun murmure.

Ki gaya wa Yaya Injiniya ya nemi ɗan haya a ɗakin nan nasa. Maganar zuwa kuma, kada ki ɗauke ta da wata manufa. Aiki ne kawai.

Ɗanki

6 ga Yuli

Shiru-shiru,

Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lau, hankalina ne ba a kwance ba.

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Ban ba su magani ba. Na ƙara dusa. Da ruwa ya zauna na daina kai su tudun bayan makaranta, na koma kai su fadamar Baffanka, inda ciyawa ke kai min gwiwa. Tun raɓa ba ta bushe ba nake sakinsu don su samu ta safe mai laushi. Sati biyun farko har na ga kamar sun ɗan ciko.

Yanzu uku sun mutu. 'Yan tumaki biyu da akuya guda. Ba tari, ba zazzaɓi. Dabba tana tafiya sai ta tsaya, ta durƙusa, shi ke nan. Wasu biyar sun kumbura a ƙarƙashin haɓa, in ka danna sai ka ji ruwa. Na buɗe idon Mai Tabo, cikin fatar da ya kamata ya yi ja ya zama fari fat. Awakin kuma zawo suke yi, duk bayansu ya ɓaci.

Ka ce ba tsutsa ba ce. To mene ne? Ban gaya wa Injiniya ba tukuna. Ka ba ni amsa da motar Talata, don Allah.

Gwaggonka

24 ga Yuli

Shiru-shiru,

Ban san ko kuna lafiya ba, tun da ba a gaya min ba. Talata biyu na tsaya a bakin titi, direban ya ɗaga min hannu ya wuce. Wanda ya sa maka sunan nan bai yi ƙarya ba.

Tara ke nan yanzu. Mai Tabo ce ta tara. Shekaranjiya na ga ba za ta kai yamma ba, na kira mahauci ya yanka ta. Jinin da ya fito kamar an surka shi da ruwa. Da ya zo kan kayan ciki ya tsaga ƙaramin tumbin, ya ce, "Malama, zo ki gani." Na je na gani. Abubuwa ne sirara kamar zare, ja-ja, sun lulluɓe cikin tumbin suna motsi. Ya kwaso da bakin wuƙa ya nuna min a rana. Ya ce shekararsa ashirin yana fiɗa, bai cika ganin irin wannan yawan ba. Na ce masa an gwada su a ɗakin gwaji an ce ba su da tsutsa. Ya dube ni, ya dubi wuƙarsa. Naman ma bai saya ba.

Mahauci da wuƙa kawai ya ga abin da madubinka bai gani ba. Tunkiyar nan a hannuna aka haife ta, ranar da uwarta ta mutu, da kwalbar jarirai na raine ta. Na yi kuka, ba na ɓoye maka, a gaban mahauci na yi shi.

Jiya na je kanti na sayo tsohon maganin na ɗura wa sauran. Na saɓa maka, kuma ban yi nadama ba. Injiniya ya ji labari, ya ce zai zo ya ƙirga da kansa.

Ka ji daɗinka a gidajenka sha biyar.

Gwaggo

3 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki jaje. Wallahi sai jiya na ga takardunki biyu a tare a kan teburina. Sati huɗu na yi ina zagayen gidajen can, ban shiga ofis ba. Da na ga ba a kira ni ba, na ɗauka komai lafiya. Ba share ki na yi ba.

Abin da mahaucin ya nuna miki tsutsa ce, mai shan jini, ita ce kuma mafi muni a cikinsu. Farin ido da kumburin haɓa duk aikinta ne. Ki cire su daga fadamar yau ɗin nan. A jiƙaƙƙiyar ciyawa 'ya'yan tsutsar suke hawa, da safe suka fi yawa, dabba na kiwo tana haɗiye su. Ni na ce ki nemi ciyawa mai yawa, kuma da na san suna ɗauke da ita ba zan faɗi haka ba.

Na ɗauko littafin gwajin na sake bi. Lambobin suna nan yadda na gaya miki. Dabbar da ta kai wannan hali a Yuli ba za a rasa ƙwai a kashinta a farkon Mayu ba, bayan kin ce tun a lokacin tana ramewa. Abu ɗaya ne na sani da ke kawo haka.

Gwaggo, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi. Tsakanin ranar da kwalaben suka iso da ranar da kika ɗiba, kin ba su wani abu?

Ɗanki

15 ga Agusta

Shiru-shiru,

Lafiya dai ta jiki akwai ta. Kwana goma takardarka ta yi a ƙarƙashin matashina kafin in iya ɗaukar biro.

E, na ba su. Ranar Juma'a na ɗura musu, Lahadi da Litinin na ɗiba.

Kafin ka kama baki, ka saurara. Shekara talatin na yi ina koyarwa. In aka ce sufeto zai zo, ana share aji, a goge allo, a yanke wa yara farce. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ha'inci. Kai ka rubuto da hannunka cewa za a jera mu a bango kowa ya gani. Me kake so in yi? In aika da dabbobina yadda suke, Sakatare ya sa yatsa ya gangaro har ƙasa ya same ni? Ni a tunanina gyara na yi musu. Na ce in sun sha magani ai sun warke, abin da za ka gani gaskiya ne.

Da ka rubuto cewa na zo na ɗaya, zuciyata ta ɗan yi min wani iri, ba zan ce ba ta yi ba. Da na kai wajen sabon maganin da za a ba na ƙasa, sai da na ajiye takardar na fita tsakar gida. Amma na ce wa kaina ai madubi ne, ya fi ƙarfin maganin kwana biyu, in suna nan zai gan su. Na saka mayafina na tafi ofishin ƙungiya har sau biyu don in ga sunana a sama. Sakatare ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Daɗin da na ji ranar, ban ji irinsa ba tun rasuwar Baffanka. Ga abin da ya jawo min.

Na faɗi nawa. Yanzu kai ma ka amsa min. A gidaje arba'in ɗin can, ba wanda ya yi irin tunanina? Ko ni kaɗai ce mai kunya a yankin nan? In abin yana da haɗari haka, me ya hana ka rubuta min layi ɗaya? Ka samu wurin gaya min ƙwaya goma da ƙanƙara da ranar direba.

Sha biyu sun tafi. Saura sha ɗaya, biyu a ciki ba na sa rai. Maganin kanti bai yi musu wani abin a zo a gani ba. Injiniya ya zo, ya tsaya a ƙofar garke ya ƙirga da yatsa. Da zai tafi ya auna gadona da igiya, wai ya ga ko zai hau bene.

Gwaggo

22 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Mu lafiya, ba ni da bakin tambayar taki.

Kin tambaye ni, zan faɗa miki. Da yawa suna yin irin tunaninki. Shi ya sa duk gidan da na shiga, kafin in buɗe jaka nake cewa kada a ba su komai sai na dawo na ɗiba. A ƙofar garke nake faɗin wannan, da baki, ba a rubuce take a ko'ina ba. Ƙa'idar aikin ita ce ma'aikaci ya je da kansa, ya sa safar hannu ya ɗiba, ya tambayi mai dabba ranar da ya ba da magani na ƙarshe. Ita ce tambaya ta farko a takardar da na ce na cike miki. Ina zaune a teburina na rubuta watan sha biyu, na sa hannu cewa na je. Shugabana bai san direba ne ya kawo kwalaben ba.

Maganin da kika ba su ya kashe masu rauni, ya hana sauran zuba ƙwai na 'yan kwanaki. A cikin 'yan kwanakin nan kika ɗiba. Da na zo, da buɗe idon tunkiya ɗaya ya ishe ni.

Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba. Lokacin da Baffa ya rasu ina tsakiyar jarrabawa, na ce mako mai zuwa. Makon ya zama wata. Daga nan na rasa da wace fuska zan shigo gidan da aka raine ni in ce yanzu na zo gaisuwa. Duk shekarar da ta ƙaru sai abin ya ƙara yi min nauyi. Da takardarki ta farko ta zo na yi murna, na ce ga hanyar da zan yi miki wani abu ba sai mun haɗa ido ba.

Sabon maganin ba ya fita sai da sunan gida a jerin sha biyar ɗin. Kafin a sa ki, sai na gaya wa shugabana abin da na yi, a kuma sauke takardar da ke bango. Ya yi tafiya. Da ya dawo zan same shi, kome zai biyo baya. Ƙarshen wata zan zo da maganin a hannuna. Kafin nan ki tsare su a turke, ki ba su busasshiyar harawa, kada su taka fadama.

Ki roƙar min Yaya ya ƙara mana wata ɗaya.

Ɗanki

19 ga Satumba

Shiru-shiru,

Ina gaishe ku. Ka ga adireshin bayan ambulan ya canja. Gwiwar ba ta son matakala, don haka tun da na hau ban sauka ba sai sau ɗaya. Suna kula da ni, ba abin da na rasa. Gadon bai hau ba, an bar shi.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Ba zan tambaye ka dalili ba, na gaji da dalilanka, kuma na san yadda nauyin baki yake tun da ni ma na yi kwana goma. Injiniya ban roƙe shi komai ba. Sha huɗu cikin ashirin da uku, ko ni ce alƙali na san garke ya lalace. Magana na yi, na cika ta.

Ba don wannan na rubuto ba. Taran da suka rage, Injiniya ya sayar da su, kuma matar mai gyaran keke ce ta saya. Yarinya ce mai 'ya'ya uku, keken ɗinkinta ta sayar ta haɗa. Tana da nata awakin guda shida, ta gama su wuri ɗaya. Fadamar ma ita ya bar wa.

Ranar da ta zo jansu na kira ta ɗaki na gaya mata komai. Na ce tsutsa ce ta kashe sauran, waɗannan ma suna ɗauke da ita, fadamar kuma cike take. Har abin da na yi ranar Juma'ar nan na faɗa mata, abin da ban gaya wa ɗan cikina ba. Ka san me ta yi? Dariya ta yi, ta dafa min gwiwa. Ta ce, "Haba Malama, ai na je ofis na gani da idona, ke ce a sama, ga hatimi ga sa hannun likita. Sakatare ya ce wata muguwar ciyawa suka ci, tun da dai an gwada ba tsutsa." Na ce mahauci ya gani. Ta ce mahauci ai so yake a karya masa farashi. Ta ɗauka baƙin cikin rabuwa da su ne ke sa ni magana. Har tana ce min bana ba za ta ɓata kuɗinta a magani ba, tun da irin na ɗaya ta samu.

Shekara talatin ina magana a gaban allo ana rubutawa. Yau takarda guda mai sa hannunka ta fi bakina. Na aika an duba min shekaranjiya, tana nan a bangon, har an sa mata leda don kada ruwa ya taɓa ta.

Laifina na ɗauka, kullum da shi nake tashi. Amma ni ba zan iya sauke takardar nan ba, kai ne za ka iya. Ka je wurin shugaban naka. In aikin ne zai tafi, ya tafi, ni ma gidana ya tafi. Sannan ka ɗauki jakarka da safar hannunka ka je gidan yarinyar nan da ƙafarka, kada ka ba direba. Gida na uku ne bayan kwalbati, mai tayoyin keke a kan rufi. Tun da sassafe take sakinsu, don haka ka yi sammako. Ka buɗe idon dabba ɗaya a gabanta, ka ce mata kai ne mai sa hannun, kuma ƙarya ce.

Ta nan ba sai ka biyo ba. Hawa na uku ne, ba abin da za ka ɗiba.

Gwaggo